BA A SAN MACI TUWO BA SAI MIYA TA ƘARE

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ku yi mini haƙuri in kawo ƙarar wasu abokaina gabanku. A hutun da ya wuce, a wani gidan kallo a Birnin Kebbi, gardama ta ɓarke a kan ƙwallon kwando na Amurka. Wai Khris Middleton bai taɓa zama tauraro na biyu a Milwaukee Bucks ba, albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko, watau inuwar Giannis Antetokounmpo ya raɓa aka ɗauki kofin 2021. Haba jama'a! Wannan zalunci ne, kuma ba zan yi shiru ba.

Da farko dai, da wane mudu ake auna na biyu? Waɗannan abokai nawa mudunsu ɗaya, wai wa ya fi jefa ƙwallo a ranar da suka kalla. To, ni daga Argungu na fito, na san abin da rana ɗaya ke iya yi. A bikin kamun kifi na 2005 an fito da kifi mai kilo 75 daga Matan Fada, sai da mutum huɗu suka ɗora shi a sikeli. An ba mai shi kyauta, ya cancanta. Amma ba a naɗa mutum Sarkin Ruwa don kamun rana ɗaya. Haka kuma ba a tuɓe masunci don ya fito hannu rabbana sau ɗaya.

Mudun gaskiya shi ne na Galadima. Ana sanin Galadima ranar da Sarki ba ya gari. A 2021, a wasa na huɗu da Atlanta, Giannis ya ji ciwo a gwiwa, kowace ƙungiya tana da nasara bibbiyu. Wasanni biyu da suka biyo baya yana zaune a benci. Middleton ya ci maki 26 a na biyar, ya ci 32 a na shida, 23 daga ciki a kashi na uku kaɗai, aka kori Atlanta. Inuwar wa ya raɓa a ranakun nan? Da aka je wasan ƙarshe da Phoenix, ya zuba 40 a wasa na huɗu. Lalle Giannis ya ci 50 a na shida, aka ɗauki kofin da rabon garin da shi tun 1971, amma wa ya riƙe masa gida har ya warke?

Za su ce ai shekara ɗaya ce. To, a 2022 Middleton ne ya ji ciwo a gwiwa tun zagayen farko. Giannis na nan lafiya lau, amma Boston ta fitar da su a wasa na bakwai.

Abin da ya dame ni ya wuce ƙwallo. Halinmu ne a nan makaranta. In an shirya wasan kwaikwayo ko Makon Hausa, wanda ya riƙe lasifika muke tafa wa, mu mance da wanda ya tsaya ranar da shugaba ya kwanta ciwo. In muka ci gaba da haka, wa zai yarda ya zama na biyu? Mai ja da ni, ga fili ga mai doki, fitowa ta gaba tana jiransa. Wassalam.