Asabar a Garin An Arbo: Ido Ya Sha Kallo, Hannu Ya Kiyaye

Wannan makon zancenmu da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a Amurka ne. Da zarar Satumba ta kama, sai ka ji yaro ya bugo waya yana neman kuɗin tikitin kallon ƙwallon makaranta, Alhaji kuwa ya ce ai karatu na tura ka, ba kallo ba. To kafin a yanke hukunci, bari mu ga abin da yaron zai tarar, mu ɗauki misali da Jami'ar Mishigan da ke garin An Arbo, kimanin kilomita 70 daga Ditroyit.

Da farko dai, ba irin ƙwallonmu ba ce. Tasu mai siffar ƙwai ce, a hannu ake rungumarta a ruga, 'yan wasa 11 a kowane ɓangare, kowa da hular kwano. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki 6. A agogo minti 60 ne, amma da tsaye-tsaye da tallace-tallacen talabijin sai a shafe sama da awa uku.

Filin jami'ar, wanda aka buɗe a 1927, yana ɗaukar mutum 107,601. Filin Olembe na Yawunde 60,000 yake ɗauka, ka ga tazarar. Garin An Arbo kansa bai wuce mutum 124,000 ba. A wannan filin ne Manchester United da Real Madrid suka kara a 2014 gaban mutum 109,318.

Tun da sassafe ranar Asabar gari ke cika da masu riguna ruwan masara da shuɗi. A wuraren ajiye motoci kowa ya buɗe bayan motarsa, ya kafa rumfa, ya hura gawayi, hayaƙin gashi ko'ina. Tsoho mai shekara 70 da jikansa riga iri ɗaya. In ka tunkari filin daga waje ba za ka ga girmansa ba, don yawancinsa haƙa shi aka yi cikin ƙasa. Sai ka shige ƙofa, ka ga rami kamar ƙatuwar ƙwarya, maƙil da bil'adama har ƙasa. 'Yan badujalar jami'a su fito cikin sahu, 'yan wasa su ɓullo ta wata hanya a guje suna tsalle suna taɓa tutar ƙungiya, ihu ya tashi har ka ji shi a ƙirjinka. Benci ne ake zama a kai, kafaɗa da kafaɗa, ɗalibai kuwa a tsaye suke ƙare wasan.

Ni dai shawarata, Alhaji, a bar yaro ya je, ko da sau ɗaya ne a shekara. Baƙon da ya kulle kansa a ɗaki ranar da gari ke biki, kaɗaici ne zai cinye shi. A irin wannan taron ake yin abokai, kuma mu fatake mun san sabo da jama'a shi ne rabin jari. Sai dai akwai abubuwa uku da za a ja masa kunne.

Na ɗaya, salla. Wasanni da yawa da tsakar rana ake fara su, kuma wanda ya fita daga filin ba ya komawa da tikitinsa. A Nuwamba rana gajera ce, azahar da la'asar duk za su iya riskarsa a ciki. Ya shiga da alwalarsa, ya san inda zai raɓe ya ba da farali. Ya kuma sa kayan sanyi sosai, don sanyin Mishigan ba hunturun Agadas ba ne.

Na biyu, ci da sha. Mutanen kirki ne, za su miƙo maka abinci ba ka roƙa ba, amma naman alade da giya sun yi yawa a wurin, kuma tun 2024 ana sayar da giya a cikin filin ma. Ya tambaya kafin ya kai baki. "Na gode, ba na sha" ba ta taɓa ɓata zumunci ba.

Na uku, kuma shi ne babba: jinin kasuwanci. Ɗan bafatake ba zai ga mutum dubu ɗari ya rasa lissafi ba. Zai ga masu gidaje suna karɓar kuɗi don a ajiye mota a farfajiyarsu, zai ga huluna da riguna na tafiya kamar ruwa, zuciya ta ce masa ai da Baba ya aiko da dila ɗaya. Kul! Bizar ɗalibi ba ta yarda da sana'a a wajen makaranta ba sai da izini. Aikin cikin jami'a aka halatta masa, shi ma bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. Ga shi tambarin jami'ar mai rajista ne, sayar da na jabu laifi ne. Ribar hula 50 ba ta kai a kore yaro gida babu digiri ba.

Saboda haka ya je ya kalla, ya lura da yadda ake sayar wa mutum kaya saboda son da yake wa garinsu, ya adana darasin har ya dawo. Idan da hali, ya nemi wasansu da Jami'ar Jihar Ohayo a ƙarshen Nuwamba, adawar da ta faro tun 1897.

Allah Ya tsare mana zuri'a a duk inda suke, Ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa.