A fito da shukar daga ɗaki: abin da ke hana tsiron tumatir girma a gidajen Kaduna

Tun bayan tsadar kayan miya ta 2024, lokacin da tumatir da attaruhu suka gagari talaka a Kasuwar Kawo da Kasuwar Sheikh Gumi, gidaje da dama a Kaduna suka koma shuka nasu a buhu da bokitin fenti. A shekarar ce ma uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta sa gasar yin lambu a kowane gida. Shawara ce mai kyau. Sai dai daga Unguwar Dosa zuwa Hayin Banki kukan iri ɗaya ne: iri ya tsira lafiya, amma har mako uku yana nan da 'yan ganyensa biyu, ya yi dogon wuya, ya koɗe, wani ma ya kwanta.

Abu na farko da mai shuka ke yi shi ne ɗaukar waya. In ya nemi yadda ake magance rashin girman tsiro a cikin ɗaki, da yawan bidiyon da zai ci karo da su na masu noman tabar wiwi ne a ƙasashen Turawa. Kanada ta halatta wiwi a watan Oktoban 2018, dokar tarayyarta ta yarda a shuka har guda huɗu a gida. Jamus ta bi sahu a Afrilun 2024 da guda uku. A nan kuwa shuka ta laifi ne babba tun dokar 1966, kuma a ƙarƙashin dokar hukumar NDLEA hukuncin na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Duk matashin da bidiyon ya rinjaya ya ce bari ya gwada a bayan gado, ya san da wannan.

Amma ko mai tumatir da babu ruwansa da wiwi, bidiyon na cutar da shi ta wata hanya. Yana sa shi ya ɗauka cewa ɗaki wurin renon shuka ne, abin da ya rage kawai a sayo fitila da ruwan taki na kwalba. Mutumin Toronto yana da uzurinsa: a watan Disamba wuninsa bai wuce awa tara ba, ƙanƙara kuma ta rufe ƙasa. Kaduna na samun wuni na kusan awa goma sha biyu duk shekara, kyauta. Wanda ya bar wannan ya rufe tsiro a ɗaki, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Ido ne ke yaudarar mutum. Ɗakin da ake ganin yana da haske sosai, har ana iya karatu a ciki, a ma'aunin haske da ake kira luks ba ya wuce 'yan ɗaruruwa. Ranar tsaka a fili kan kai dubu ɗari. Tumatir na buƙatar rana kai tsaye ta awa shida zuwa takwas, domin da ita ganye ke haɗa abincin shukar. In bai samu ba sai ya riƙa miƙa wuya wajen taga, karan ya yi siriri kamar tsinken tsintsiya. Masu shi kan yi murna wai yana tsawo, alhali yunwa ce ke jan sa.

To a sayo fitilar mana? A yi lissafi. Fitila mai wat 100 da aka kunna awa 16 tana cin yunit 1.6 a rana. A farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, wannan naira 360 ne kullum, sama da dubu goma a wata, ban da kuɗin fitilar kanta. Wanda ba ya wannan rukuni ma bai da tabbacin wutar awa 16, sai ya haɗa da janareta. Tumatir nawa bokiti huɗu za su bayar da zai biya wannan?

Bayan duhu, abin da ya fi kashe tsiro shi ne ƙauna. Uwar gida ta ba shi ruwa da safe, yara su ƙara da rana, maigida ya dawo ya ga ganye ya yi laushi ya sake zubawa. Saiwa tana numfashi kamar kowane mai rai. In ƙasa ta jiƙe sharkaf ba ta bushewa, iska ba ta shiga, saiwar ta ruɓe, ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa, sai a ƙara masa ruwan da ke kashe shi. A ɗaki abin ya fi muni, don babu rana ko iskar da za ta tsane ƙasar. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: a tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi a bar shi sai gobe. Bokiti ko ledar da ba a huda gindinta ba kuwa, rijiya ce aka yi wa tsiron. In aka ga karan ya tsuke ya yi baƙi daidai inda ya haɗu da ƙasa, cutar ruɓewa ce ta kama shi, kuma wannan ba ya tashi.

Ita ma ƙasar abin dubawa ce. Jar ƙasar da ake tonowa a yawancin unguwannin Kaduna, in ta sha ruwa ta bushe a cikin roba sai ta daskare kamar bulo. Sai an gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen takin gargajiya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, haka ma ƙwayoyin yuriya ko NPK da ake barbaɗawa a gindin tsiro mai kwana goma. Tsiron da duhu da yawan ruwa suka tsumburar, taki ba abin da zai ƙara masa sai gaggauta mutuwa.

Masu ajiye shuka a ɗaki suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. A gidan haya tsakar gida ta kowa ce. Ga akuyar maƙwabta, ga kaji, ga ƙadangare da ke tsinke sabon ganye, ga yara da ƙwallo. Amma tsohon gidan sauro da sanduna huɗu sun isa su tsare bokiti, kuma shi ne ke rage zafin Maris da Afrilu. Wanda gidansa ba shi da inda rana ke zama awa shida, gaskiya ita ce ya haƙura da tumatir ya shuka na'ana'a ko latas, waɗanda ke jure 'yar inuwa.

Abin mamaki, masanan wannan aiki suna nan kusa. Manoman rani da ke bakin Kogin Kaduna a fili suke yafa iri cikin fangali, su rufe da ciyawa, su yaye ta da zarar ya tsira, su yi dashe bayan kamar mako huɗu. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Mando, ga cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda aikinta ke nan isar da ilimin noma ga jama'a. Rabon iri da gasa ba za su wadatar ba matuƙar matar da ke Badarawa ba za ta samu bidiyon minti biyu da Hausa a wayarta ba, wanda aka ɗauka a ƙasa da rana irin tata. Gurbin da suka bari ne mai wiwi na Kanada ya cike.

Wanda tsironsa ke ɗaki yanzu kada ya kwashe shi rana ɗaya ya dire a tsakar rana, ganyen zai babbake. A fara da hantsi na awa ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa har mako guda. Tumatirin da ya yi dogon wuya ana iya ceto shi wajen dashe, a binne karan har kusa da ganyen farko, domin yana fitar da sabuwar saiwa a jikin kara. Wanda gindinsa ya riga ya yi baƙi a zubar da shi tare da ƙasarsa, a wanke bokitin, a sake yafa sabon iri a waje.