Ƙuri'a, Bindiga da Allo: Wa Zai Amsa Wa Borno?

Masu iya magana sun ce, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu ɗalibai da malaman da muka yi zaman jami'a a Maiduguri cikin shekarun tashin hankali, mun ga rumbun da aka ƙona, mun kuma san masu cinikin tokar. Rumbun shi ne ilmin 'ya'yan talakawa, tokar kuwa ita ce alkawarin tsaro da ake tallata mana duk bayan shekara huɗu, idan zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, bindigar da ta rufe makarantunmu ta ƙofar siyasar zaɓe ta shigo. Saboda haka duk wanda ya zo mana da bindiga da sunan magani, alhali ya bar allo a yashe, to cutar ce ya sake kawo mana, suna kawai ya sauya mata.

Ƙasar Borno ba baƙuwar bindiga ba ce. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya samo bindigogi da ƙwararrun maharba daga Turkawa, kuma da bindiga Rabeh ya ci Kukawa a 1893. Amma idan an ambaci Borno a ƙasar Hausa, abin da yakan fara zuwa zuciya shi ne karatu. Idan aka ce almajiri ya tafi gabas, kowa ya san neman haddar Alƙur'ani ya tafi. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadar wa ɗalibansu masauki a birnin Alƙahira, sa'an nan sukan ba malamai takardar mahram wadda take ɗauke musu haraji da zuwa yaƙi. Watau magabata sun gane cewa mai alƙalami dukiyar ƙasa ce da ake tsarewa. Yaya aka yi ƙasa mai wannan tarihi ta zama inda ake yanka malami don yana koyarwa?

Amsar tana farawa ne daga rumfar zaɓe. Gabannin zaɓen 2003, 'yan siyasa a wannan yanki sun tara samari marasa aikin yi, waɗanda makaranta ta riga ta zubar, suka ba su makamai da ƙwaya don su tsorata abokan hamayya. A Borno ana kiransu 'yan Ekomog, a Gombe 'yan Kalare, a Bauchi kuwa Sara-Suka. Wannan ba zancen teburin mai shayi ba ne, domin kwamitin da Gwamnatin Tarayya da kanta ta naɗa a 2011, ƙarƙashin Jakada Usman Gaji Galtimari, ya danganta tushen fitinar da waɗannan rundunoni da 'yan siyasa suka kafa, suka yi amfani da su, suka watsar bayan sun hau kujera. Yaron da aka koya wa cewa makami ne ke kawo abinci, aka kuma kore shi daga ƙofar gidan gwamnati, ina zai nufa in ba wurin wanda zai ba shi sabon dalilin riƙe makamin ba? A watan Yuli na 2009 wutar ta tashi a cikin Maiduguri, aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da shari'a ba, hukuma ta ce an gama. Ashe somin-taɓi ne.

Makaranta ce ta fi kowa shan wuya. An kashe ɗalibai a Mamudo da Gujba a 2013, aka kashe wasu a kwalejin tarayya ta Buni Yadi a Fabrairun 2014. A watan Maris na wannan shekara gwamnatin Borno ta rufe makarantunta na sakandare, a daren 14 ga Afrilu kuma aka kwashe 'yan mata 276 daga Chibok. A 2017 hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa an kashe malamai fiye da 2,295 a arewa maso gabas tun daga 2009, an raba wasu 19,000 da muhallinsu, an kuma rushe makarantu kusan 1,400. Ita kanta wannan jami'a, wadda aka kafa a 1975, ba ta tsira ba. A ranar 16 ga Janairu 2017, da asuba, bam ya tashi a masallacin unguwar ma'aikata, Farfesa Aliyu Mani na tsangayar likitancin dabbobi ya rasa ransa. Sai da aka haƙa ganuwa aka kewaye jami'ar, kamar birnin da ke jiran mahara, amma duk da haka ba ta rufe ƙofarta saboda tsoro ba.

To, me masu neman shugabancin ƙasa suka yi da wannan jini? Jari suka mai da shi. A watan Mayu na 2014 sojoji suka yi bore a barikin Maimalari da ke nan garin, suka harbi motar kwamandansu. A Disamba na wannan shekara kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi, su kuwa kukansu shi ne ba su da isassun makamai. Daga baya aka gurfanar da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro na lokacin, Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da kuɗin sayen makamai, a wata badaƙala da aka ce ta kai dala biliyan 2.1, kuma masu gabatar da ƙara suka ce wani kaso ya zurare zuwa yaƙin neman zaɓe. Daɗin daɗawa, da aka ɗage zaɓen 2015 daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda tsaro, sai ga Baga da Bama sun dawo hannu cikin mako shida, aka ƙwato Gwoza ana gobe zaɓe. Abin da ya gagara wata da watanni sa'ad da rayukan talakawa ne kawai a kan siraɗi, ya yiwu cikin kwana arba'in da biyu sa'ad da kujera ta shiga haɗari.

Kada wani ya zaci jam'iyya ɗaya muke nufi, domin duk kanwar ja ce. Gwamnatin da ta karɓi mulki a 2015 ta mayar da cibiyar yaƙin zuwa Maiduguri, kafin shekarar ta ƙare kuma ta shelanta cewa an karya lagon abokan gaba. A Disamba na 2017 gwamnoni suka amince a ɗebi dala biliyan ɗaya daga asusun rarar kuɗin mai don yaƙin. Wata biyu bayan haka aka sace 'yan mata 110 a Dapchi. Daga nan sana'ar satar ɗalibai ta bazu zuwa yamma: Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. A 2022 kuwa, malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, a kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun 2009. A cikin waɗannan watanni ne jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40, masu saye suna rububi. Jami'ar da bam bai rufe ba, sakacin masu mulki ya rufe ta.

A cikin wannan shekara ta yajin aiki ne gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya umarci mutanen jiharsa su nemi lasisin mallakar bindiga, bayan takwaransa na Katsina, Aminu Bello Masari, ya yi irin wannan kira a 2021. Masu goyon bayan wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba mu raina ta ba. Sukan ce, manomin da 'yan bindiga suka kewaye ba zai kare kansa da littafi ba, kuma ai 'yan gora ne suka ƙwato Maiduguri a 2013. Gaskiya ne, duk wanda ya zauna garin nan ya san bashin da matasan nan suke bin mu. Sai dai sunansu ma ya isa amsa: da gora da adda suka fito, kuma makaminsu na gaske shi ne sanin unguwa, sanin wane ɗan wane ne, da haɗin kan jama'a. Sa'an nan, wa zai iya sayen bindigar? Talakan da buhun masara ya gagare shi? Mai kuɗi da ɗan siyasa ne za su saya, su raba wa yaransu, mu koma 2003 da lasisin hukuma a hannu. Gwamnatin da ba ta iya tsare nata rumbun makamai ba, yaya za ta bi sawun na kowane gida? Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya ya nuna cewa, zuwa ƙarshen 2018, bindigogin 'yan sanda 178,459 ne ba a san inda suka shiga ba, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47.

Wanda yake zaton yawan bindiga a hannun jama'a yana kare makaranta, ya dubi Amurka, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami tun 1791, kuma batun yake raba kan masu zaɓe duk lokacin takarar shugaban ƙasa. A makarantar Sandy Hook an harbe yara 20 da manya 6 a 2012. A garin Uvalde na jihar Texas an harbe yara 19 da malamai 2 a 2022. Maganin da wasu jihohinsu suka samo, kamar Tennessee a 2024, shi ne a ƙyale malami ya shiga aji da bindiga. Idan ƙasar da ke da rajista da kotuna masu aiki ta kai ga wannan hali, ina ga tamu mai iyaka a buɗe da Nijar da Chadi da Kamaru? Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Allon da aka yasar kuwa, lissafinsa a fili yake. A taron Incheon na 2015 ƙasashen duniya sun amince a riƙa ba ilmi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa, amma daga 2016 zuwa 2023 rabon ilmi a kasafin tarayya bai taɓa kai kashi 10 ba. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta sun kai miliyan 20. A nan Borno an gina manyan makarantu na zamani a zamanin Kashim Shettima da Babagana Zulum, wannan kuwa abin yabo ne. Amma gwajin da gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare fiye da 17,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2022, ya nuna ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka cancanci koyarwa. Bene ana buɗe shi da tambura a gaban 'yan jarida, shi ya sa 'yan siyasa ke son sa. Horar da malami da biyansa albashin mutunci aiki ne na shekara goma, ba ya kuma fitowa a hoton kamfe.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da malamai, idan masu neman ƙuri'a suka sake cika dandalin Ramat da ganguna, mu tare su da tambayoyi huɗu. Na farko, ina lissafin kuɗin makamai da na tsaron da gwamnoni ke karɓa ba tare da bincike ba? Na biyu, wane ɗan siyasa aka taɓa hukuntawa saboda ba 'yan banga makami, kuma wace doka za su kafa a kan haka? Na uku, kashi nawa za su ba ilmi, malamai nawa za su horar, cikin shekara nawa? Na huɗu, 'yan gora da mafarautan da suka ba da jininsu, wace makaranta ko sana'a aka tanadar musu, don kada gobe wani ya yi hayarsu ranar zaɓe? Wanda ya amsa da ƙididdiga da wa'adi mu saurare shi, wanda ya amsa da taliya da atamfa mu san ɗan kasuwar toka ne.

A 2023 ɗan Borno ya zama mataimakin shugaban ƙasa, gwamnan jihar kuma farfesa ne da ya fito daga wannan jami'a, don haka ba mu da uzurin cewa na sama ba su san ciwonmu ba. Abin da ya rage shi ne mu masu karatu mu daina zama 'yan amshin shata, mu daina barin ƙannenmu suna ɗaukar gora a bayan motar ɗan takara. Magabatanmu sun ɗauke wa malami zuwa yaƙi don karatu ya ɗore. Abin kunya ne a ce a zamaninmu yaƙin ne ya bi malami har cikin aji, mu kuma mu sake zaɓen waɗanda suka nuna masa hanya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa, amin.