CIWON DAJI: SAƘON DA KE ƁOYE A JINI DA FITSARI

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutanenmu, tun daga Sabo ta Badun har Agege, wai daji ba ya son ƙarfe. Da zarar likita ya ce zai ɗebi ɗan nama domin ya auna, sai 'yan'uwa su taru su yi shawara, a sa majinyaci a mota a nufi gida Arewa. Galibi ba a sāke ganinsa a asibiti sai ciwo ya riga ya ci jiki. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata masu karatu su ji labarin wata hanyar bincike da masana ke aiki a kanta, su kuma san iyakarta.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma kowace ƙwaya takan riƙa fitar da waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle masu rufin kitse, waɗanda sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Suna yawo a jini da fitsari da miyau. Da aka lura da su a shekarar 1983, an ɗauka shara ce kawai ƙwayar ke zubarwa. Sai a 2007 masu bincike a ƙasar Suwidin suka nuna cewa a cikinsu akwai kwafen rubutun gado na ƙwayar da ta fitar da su. To, daji kuwa asalinsa ɓacin wannan rubutu ne. Watau ke nan ƙarin da ke ɓoye a cikin jiki yana aiko da wasiƙar da ke tona asirinsa.

A 2008 masana a Boston ta Amurka suka binciki jinin mutum 25 masu wani mugun daji na ƙwaƙwalwa, suka sami alamar ɓacin a ƙullin mutum 7, ba tare da an taɓa ƙoƙon kai ba. A 2016 kuma aka fara amfani da wani gwajin fitsari a Amurka, mai suna ExoDx, domin maza masu shekara 50 zuwa sama da ake zargin dajin furostet, wato ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsara.

Ko shakka babu wannan ci gaba ne, amma a lura da kyau. Gwajin fitsarin nan ba ya yanke hukunci. Aikinsa shi ne ya taimaki likita ya san wanda ya cancanci a ɗebi namansa da wanda za a iya dakatawa. Bugu da ƙari, lafiyayyun ƙwayoyi su ma suna zubar da nasu ƙullin, har sun ninka na dajin nesa ba kusa ba, don haka tace su aiki ne mai wuya da tsada, kuma ɗakunan bincike ba su daidaita a kan hanya ɗaya ba. Duk wanda ya ce muku da ɗigon jini zai gano kowane irin daji, to, aljihunku yake dubawa.

Ra'ayinmu shi ne kada kowa ya zauna jiran wannan gwaji. Ɗiban ɗan nama ba shi ke haukata daji ba. Jinkiri ne ke ba shi sarari ya bazu. Sarakunan Hausawa da limaman unguwanninmu su ne ake fara kai wa shawara kafin a ɗauki shatar mota, saboda haka su ya kamata su fara cewa a tsaya a ga likita. Abin mamaki, mutanenmu na Idi-Araba katanga ce kurum ta raba su da asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko, amma sai a tsallake ƙofarsa a kama hanyar kwana guda.