Kuɗin Mai Saye Shi Ne Bakinsa: Darasi Daga Gidajen Wasan Bidiyo

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun da ya kai ziyara Keffi a 'yan shekarun nan, ya ga yadda gidajen wasan bidiyo suka yawaita, musamman a unguwannin da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa suke zaune. Samari ne cike da ɗaki, janareta na kuka a waje, ana buga ƙwallo a talabijin. Wani kuma yana gefe ya duƙufa a kan wayarsa. To, ba abin mamaki ba ne idan wani abu daga cikin kuɗin da muke aikawa gida a nan yake ƙarewa. Don haka ya kamata mu san wane ne ke cin ribar wannan kasuwa, kuma wace murya mai saye yake da ita a ciki.

Mu 'yan kasuwa ne, mun san ƙa'idar. Idan masu saye a Mile 12 suka juya wa kwandon tumatir baya, kafin la'asar mai shi zai sauko. Manyan kamfanonin wasan bidiyo na Amurka da Japan, duk da dukiyarsu, ba su fi ƙarfin wannan ƙa'ida ba.

A shekarar 2013 kamfanin Microsoft ya ce sabuwar na'urarsa Xbox One sai ta haɗu da intanet sau ɗaya a kowace awa 24, kuma ya sa sharuɗɗa a kan sayar da faifan da aka riga aka yi amfani da shi. Abokin hamayyarsa Sony ya fito ya ce tasa na'urar, watau PlayStation 4, ba ta da wannan takura. Da Microsoft ya ga inda masu saye suka nufa, a cikin watan Yunin shekarar ya janye sharuɗɗan.

A watan Nuwamban 2017 kuma kamfanin EA ya shirya wasan Star Wars Battlefront II da akwatunan sa'a, watau ka biya kuɗi ba ka san abin da za ka samu a ciki ba. Jama'a suka yi ca, har kamfanin ya dakatar da cinikin cikin wasan ana gobe za a fitar da shi. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne. Haka nan a 2024 Sony ya fitar da wasan Concord, aka ƙi saye, bayan mako biyu ya ɗauke shi daga kasuwa ya mayar wa mutane kuɗinsu.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu, surutu kaɗai ba ya sauya kamfani. Shekara da shekaru masu buga ƙwallon FIFA suna kukan tsadar fakitin 'yan wasa na Ultimate Team, alhali kuwa suna saye. A shekarar kuɗi ta 2021 EA ya samu sama da dala biliyan 1.6 daga wannan sashe a wasanninsa. Wanda ake zagi da baki ana cika masa aljihu, me zai sa ya daina?

To, ina matsayin yaron Keffi a nan? Gaskiyar magana, an daɗe ba a lissafi da shi. Yawancin abin da ake bugawa a gidajen wasanninmu kwafi ne ko na hannu. Kuɗin da yaro ya biya na mai gida ne da mai sayar da fetur, bai taɓa isa littafin kamfani ba. Wanda ba ya cikin littafi kuwa, fushinsa fushin kaza ne. A watan Mayun 2024 Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su buɗe rajistar PlayStation, alhali ƙasashe da yankuna fiye da 170 ba su da damar buɗe ta, yawancin ƙasashen Afirka na ciki. Bayan 'yan kwanaki ya janye, amma sai da masu saye na Turai da Amurka suka fara neman a mayar musu da kuɗinsu.

Yanzu wayar hannu ta sauya lissafin. Wasanni irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile kyauta ake saukar da su, sai an shiga a fara sayar wa yaro kaya da kwalliya kaɗan-kaɗan. Wannan kuɗin kai tsaye yake zuwa kamfani, kuma ana rubuta ƙasar da ya fito. A farkon 2024 Sony ya zuba jari a Carry1st, kamfanin Afirka ta Kudu mai harkar wasannin waya. Ke nan an fara ganinmu, amma a matsayin masu biya.

Shawararmu ga samari ita ce, tunda kun shiga littafi, ku san darajar nairarku. Kada ku biya kuɗi a kan abin da ba ku gani ba. Ko a kasuwar Keffi ba a cinikin biri a sama. Wasan da ya mayar da ku saniyar tatsa, ku haɗa kai ku bar shi, domin abin da kamfani ke ƙirgawa shi ne yawan masu biya.

Ku kuma iyaye da yayye na nan Kurmi, idan ƙane ya bugo waya yana neman kuɗin data, babu laifi a tambaye shi abin da yake saye da shi. Hana wasa gaba ɗaya ba zai yiwu ba, amma koya wa yaro ciniki aikinmu ne tun kaka da kakanni. Allah ya sa mu dace.