Ku Bar Wa Koesister Sunansa!

Yau zan ɗan ajiye labarin da muke ciki, domin akwai wani abu da ya tsaya min a maƙoshi, kuma in ban amayar da shi ba, ba zan samu sukuni ba.

A sabon littafin da nake rubutawa, tauraruwar labarin ta bi mijinta zuwa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda wata maƙwabciyarta Musulma ta aiko mata da koesister da safiyar Lahadi. Da na karɓo rubutun daga hannun yaron da ke buga min a kwamfuta, sai na tarar duk inda na rubuta koesister ya cusa masa harafin k a tsakiya, ya koma koeksister. Da na yi magana sai ya ce, "Hajiya, ai kuskure kika yi, na duba intanet na gyara miki." Wai gyara! To wannan shi ne gyaran gangar auzinawa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, na ga masu digiri da yawa suna wannan ɓarnar, shi ya sa na ga ya dace a yi ta a fili.

Abubuwa biyu ne daban, kamar yadda alkaki da fanke suke daban. Koeksister mai k na Turawan Afrikana ne, jikokin mutanen Holan da suka zauna a ƙasar. Ana kwaɓa fulawa, a yanka ta siri-siri, a yi mata kitso kamar kalaba, a soya a mai. Yana fitowa daga wuta da zafinsa sai a tsunduma shi cikin ruwan sukarin da ya yi sanyi ƙalau a firji. Haɗuwar zafi da sanyin nan ce ke sa ya zuƙe ruwan sukarin har ciki, bayansa kuma ya yi ƙaras-ƙaras yana sheƙi. Zaƙi ne zalla, mai son alkaki ba zai yi baƙunta da shi ba.

Shi kuwa koesister na Musulmin Cape Town ne. Ba a yi masa kitso. Da yis ake kwaɓa shi, wasu matan har da dafaffen dankalin Turawa suke sawa don ya yi laushi, sannan a zuba kirfa, citta, yansun, kadamon da garin busasshen ɓawon lemo. A mulmula shi kamar ƙwai, a soya har ya yi duhu, a tsoma a ruwan sukari mai zafi, a birgima shi cikin garin kwakwa. Ciki laushi kamar fanke, ƙamshi kuwa tun daga zaure. Wata dattijuwa 'yar can da muka yi zaman masauki ɗaya a Madina ce ta fara kwatanta min shi da ɗan Turancin da muka iya, na dawo gida na gwada duka biyun a kicin ɗina. Ko yarana ba su taɓa ruɗa su ba.

Na san wani zai ce, "Haba Hajiya, duk wannan kumfar bakin a kan kayan maƙulashe? Harafi ɗaya ne fa." To mu Hausawa ne za mu raina harafi ɗaya? Mu da lanƙwasa kawai ke raba baki da baƙi, kusa da ƙusa, bari da ɓari? Ka rubuta wa surukinka cewa ka yi baki alhali baƙi ka yi, ka ga yadda za ku ƙare.

Kuma wannan harafin akwai tarihi a bayansa. A 1652 kamfanin kasuwancin Holan ya kafa sansani a Cape, ya shiga jigilar bayi daga tsibiran da yau ake kira Indunusiya, da Indiya, da Madagaska, da Mozambik. Ya kuma riƙa koro malaman da suka yi masa tawaye a gabas, irin su Shehu Yusuf na Makassar da aka kawo a 1694. Jikokin waɗannan mutane ne suka kafa masallacin Auwal a unguwar Bo-Kaap a 1794, masallaci na farko a ƙasar, tun kafin a soke bauta a can a 1834. Su ne kuma suka rubuta harshen Afrikans da haruffan Larabci, kamar dai ajaminmu. Matansu ne suka yi ta girki a kicin ɗin Turawa, kuma kayan ƙamshin da ke cikin koesister shaida ce ta inda kakanninsu suka fito.

Ba a nan wahalarsu ta tsaya ba. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar District Six a matsayin ta Turawa zalla, aka rushe gidaje, aka kwashe mutane sama da 60,000 aka watsa su a bayan gari. An raba maƙwabci da maƙwabci, amma al'adar safiyar Lahadi ta bi su. Har yau ana aiken yara da kwano gidan matar da ke suya a unguwa, su sayo koesister da ɗuminsa a sha da kofi ko shayi. Mutanen da aka ƙwace wa 'yanci, aka ƙwace wa gida, yanzu kuma ɗan sunan abincinsu za a ce kuskuren rubutu ne? Ina adalci a nan?

Kada a fahimce ni a baibai, ba ni da gaba da koeksister. Kullu ba ya siyasa. Matan Afrikana sun daɗe suna soya shi suna sayarwa don tara kuɗin makarantu da majami'u, kuma suna alfahari da shi, har an gina masa mutum-mutumi a Orania, garin da Afrikana suka keɓe wa kansu. A wannan garin ne Nelson Mandela ya je a 1995 ya gaida Betsie Verwoerd, matar firaministan da aka yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai a zamanin mulkinsa, suka sha shayi da koeksister. Idan mutumin da ya shafe shekara 27 a kurkuku ya iya ci, wace ce ni da zan ƙyamace shi? Abin da na ƙi shi ne a ɗauki na masu ƙarfi a ce shi ne daidai, na talakawa kuma a ce lalataccen kwafinsa ne. Su kansu mutanen Cape Town sun gaji da wannan, shi ya sa tun 2019 suke ware Lahadin farko ta watan Satumba a matsayin ranar koesister.

Wataƙila abin ya fi yi min ciwo ne saboda na san ɗacinsa. Mu da muke rubuta littattafan da ake sayarwa a kasuwa, shekara nawa muka yi ana kallon aikinmu a matsayin gurguwar kwaikwayon adabi na gaskiya? Kullum akwai mai jan biro da ke ganin abin da bai sani ba kuskure ne. Rashin sani ba laifi ba ne, amma wanda bai sani ba ya tambaya kafin ya goge.

Don haka na mayar wa yaron nan rubutuna, na ce ya bi shafi-shafi ya cire duk k ɗin da ya dasa. Maƙwabciyar da ke cikin labarina Musulma ce 'yar Bo-Kaap, kuma abin da ta aiko a kwano ranar Lahadi koesister ne, mai kirfa da kwakwa. Haka zai fito a littafi, in Allah Ya yarda.

Mu haɗu a mako mai zuwa don ci gaban labarinmu. Allah Ya sa mu dace, amin.