Wa'azin yafiya: ina rabon mai laifi?

A ɗakunan sujada na makarantun tauhidi, irin su TCNN ta Bukuru da aka buɗe a 1959, fastocin gobe ke gwada wa'azi. Abin da suka saba da shi a can shi zai iso majami'unmu. Don haka ina da roƙo gare su.

Yawancin wa'azin gafara a kan wanda aka cuta yake sauka: ka yafe, ka manta, ka bar wa Allah. To, wanda ya yi cutar fa? Yana kujerar gaba, amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Alhali a Luka sura 19, Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Bayan nan ne Yesu ya shaida cewa ceto ya shiga gidansa. Wannan ɓangaren ba a cika daɗewa a kansa ba.

Mu nan makaranta, wani zai cinye kuɗin da 'yan aji suka tara na bugun furojet, sai a tara mu a ce ai ɗan'uwa ne, a yi haƙuri. Za mu yafe, ba musu. Amma malamin da zai yi mana wannan wa'azin, don Allah ya fara juyawa ya tambaye shi ina kuɗin, kuma yaushe zai dawo da su.